ƘARFE DA KANKARE: YADDA A KE GINA DOGON BENE DON YA JURE ISKA DA GIRGIZAR ƘASA

Ba wanda ya taɓa yin damina a ƙasar nan da bai ga aikin iska ba. Hadari ya haɗu da la'asar, gari ya yi duhu, kafin ruwa ya sauko sai a ga kwanon rufin wani aji ya tashi sama kamar takarda. Wannan fa gini ne marar bene, wanda tsawonsa bai wuce mita huɗu ko biyar ba. To, ina ga bene mai hawa hamsin ko ɗari, wanda ba itace ko dutsen da zai kare shi? Ina kuma ga wanda aka gina a inda ƙasa kanta ta kan motsa? Abin da za mu duba ke nan, watau yadda injiniyoyi su ke haɗa ƙarfe da kankare su yi wa bene ƙashi, har ya tsaya da dubban mutane a cikinsa ran da guguwa ta taso ko ƙasa ta girgiza.

Ƙwarangwal ɗin Gini

A soron ƙasa bango ne ke ɗauke da rufi. A dogon bene kuwa bango kusan labule ne kawai, ƙwarangwal ɗin da ke ciki shi ke ɗauke da kome. Gaɓoɓinsa uku ne: ginshiƙai, waɗanda magina ke kira fila, da ƙarafan giciye da ke haɗa ginshiƙi da ginshiƙi, watau bim, sa'an nan daɓen ko wane hawa, wanda a ke kira dakin.

Nauyin da ke danna gini ƙasa ba shi da wuyar lissafi, gama an san nauyin kayan ginin, an kuma ƙiyasta na mutane da kayansu. Wahalar tana ga turin da ke zuwa daga gefe. Ku dubi tsohon tebur wanda gaɓoɓinsa suka saki. Ƙato ya hau ya zauna, ba abin da zai faru, amma yaro ƙarami ya ture shi daga gefe sai ya karkace. Iska da girgizar ƙasa duka biyu daga gefe su ke zuwa.

Halin Ƙarfe da Halin Kankare

Ƙarfe yana jure ja, yana jure danni, kuma kafin ya tsinke sai ya miƙe ya lanƙwashe tukuna. Amma yana da aibu uku. In ya yi tsawo da siranta aka danne shi, sai ya gantsare kamar kara. Yana tsatsa. Kuma in gobara ta kai zafin digiri 550 zuwa 600, ya kan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Ga shi kuma da tsada.

Kankare, watau siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, gwani ne wajen ɗaukar danni, yana da araha, wuta ba ta saurin cin ƙarfinsa. Amma in aka ja shi, abin da zai iya jurewa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na dannin da ya ke ɗauka ba, kuma in zai karye ba ya sallama, farat ɗaya ya ke yi. Ga nauyi: ko wane mita guda, tsawo da faɗi da zurfi, ya kai wajen tan 2.4.

Kun ga ke nan abin da wannan ya rasa, wancan yana da shi, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Wani abin sa'a kuma, in zafi ya ƙaru ƙarfe da kankare su kan buɗe kusan daidai da juna, in sanyi ya zo su tsuke tare, don haka ba sa rabuwa. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce ga maginan Hausa. Bakan gizo irin na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, azara ce a ciki a ɗaɗɗaure, ƙasa ta lulluɓe ta. Ko wanne shi kaɗai ba zai yi wannan aiki ba.

Yadda A Ke Ɗaura Musu Aure

Ɗora kankare bisa ƙarfe kawai bai sa sun zama abu guda ba. Ga gwajin da kowa zai iya yi. Nemi siraran katako biyu masu kauri ɗaya, ka ɗora ɗaya bisa ɗaya, ka gitta su tsakanin kujeru biyu, ka aza dutse a tsakiya. Za su lotsa, in ka dubi bakinsu kuwa za ka ga na sama ya zame bisa na ƙasa. Yanzu manne su da gam sosai, ka mai da dutsen. Lotsawar za ta koma kashi ɗaya cikin huɗu na ta farko, nauyin da za su ɗauka kafin su karye kuma ya ninka biyu. Katakon bai ƙaru ba, zamewar kaɗai aka hana.

Haka a ke yi wa bim. A kan jera waɗansu gajerun ƙusoshi masu kauri da faffaɗan kai bisa bayan ƙarfen, a yi musu walda, a shimfiɗa kwano mai ƙwari, a sa rodi, a zuba kankare ya binne ƙusoshin. In nauyi ya hau, kankaren da ke sama ya ɗauki danni, ƙarfen da ke ƙasa ya ɗauki ja, ko wanne yana aikin da ya fi iyawa.

Ginshiƙi kuwa iri biyu ne. Na farko, a tsai da ƙarfe a tsakiya, a kewaye shi da rodi da zobba, a lulluɓe duka da kankare, wanda zai kare shi daga wuta da tsatsa, ya kuma hana shi gantsarewa. Na biyu, a yi babban bututu ko akwatin ƙarfe a cika shi da kankare. Taka gwangwanin madara wanda ba kome ciki, nan da nan zai lauye. Cika shi da yashi ka danƙare, ka sake takawa ka gani. Kankare ya hana bututu loɓawa ciki, bututu kuma ya matse kankare ya hana shi tarwatsewa.

Iska

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, in gudun iska ya ninka biyu, turinta ninka huɗu ya ke yi. Iska mai gudun kilomita 72 a awa tana tura ko wane murabba'in mita na bango da kimanin nauyin kilo 25. In ta kai kilomita 144, sai ya zama kilo 100. To, a ce bene yana da faɗin mita 30 da tsawon mita 100, fuskarsa ta zama murabba'in mita 3,000, turin kuwa wajen tan 300. Ban da wannan, iska tana tsotson gini daga baya, kuma ta fi gudu a sama, inda bishiyoyi da gidaje ba sa tare ta.

Wannan turi so ya ke ya kifar da benen, kamar yadda a ke jijjiga turke. Ginshiƙan da ke gefen da iska ta fito sai a riƙa jan su sama, na ɗaya gefen kuma a ƙara danne su. Nan nauyin kankare ya ke da rana, gama shi ke riƙe ginin ƙasa.

Akwai kuma wata ɓarna ta ɓoye. Kafa sanda cikin ruwa mai gudu, za ka ga ruwan yana murɗawa a bayanta, yanzu ta dama, an jima ta hagu. Haka iska ke yi a bayan dogon bene, sai ta riƙa kaɗa shi dama da hagu. Saboda haka a kan sassaƙa ɗan ƙaramin samfurin benen da na unguwar da ke kewaye da shi, a sa cikin wani dogon ɗaki da manyan fankoki ke hura wa iska, a auna. Alan Davenport na ƙasar Kanada, wanda ya kafa irin wannan ɗakin gwaji a 1965, yana cikin waɗanda suka kafa wannan ilmi.

Ba faɗuwa kaɗai a ke gudu ba. Bene ya iya zama lafiya lau amma yana lilo har mutanen sama su ji jiri, gilasai su tsage, lif ya maƙale. Don haka injiniyoyi da yawa ba sa yarda kan bene ya gusa fiye da kashi ɗaya cikin 500 na tsawonsa, watau santimita 20 ga mai mita 100. Iska dai gini mai tauri ta ke bukata.

Girgizar Ƙasa

Wanda ya taɓa tsayawa a bayan babbar mota direba ya fizge ta, ya san abin da gini ke ji. Ƙafafu sun tafi, jiki ya tsaya baya. In ƙasa ta motsa, harsashi ya bi ta, sauran ginin kuwa nauyinsa ya riƙe shi. Saboda haka iyakar nauyin gini, iyakar ƙarfin da zai fizge shi. Nauyin nan da ya yi taimako wajen iska, a nan shi ne abokin gaba. Wannan yana cikin dalilan da a ke son haɗin ƙarfe da kankare, gama ya kan fi ginin kankare zalla sauƙin nauyi, ya kuma fi na ƙarfe zalla tauri.

Ran 1 ga Satumba 1923 girgiza ta rushe Tokiyo da Yokohama, mutum fiye da 100,000 suka halaka, yawancinsu a gobarar da ta biyo baya. Amma ginin wani babban bankin masana'antu, wanda injiniya Tachu Naito ya tsara da ƙarfe lulluɓe cikin kankare da bangaye masu ƙwari, ya fita kusan ba rauni. Daga nan irin wannan gini ya yaɗu a Japan. A 1924 kuma aka yi doka cewa ko wane gini sai ya iya jure turin gefe daidai da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Gini mai tan 10,000 ke nan sai a shirya shi don turin tan 1,000.

Ko wane gini kuma yana da nasa lokacin lilo. A ƙiyasi, ko wane hawa goma su kan ƙara daƙiƙa guda ga zuwa da dawowarsa. Mai tura yaro a lilo ya san in yana turawa daidai lokacin da lilon ya dawo, ƙaramin turi ya isa ya kai shi sama. Ran 19 ga Satumba 1985 abin da ya faru ke nan a birnin Meksiko. Tsakiyar birnin tana bisa laka ta tsohon tafki, lakar nan ta yi ta kai da komo wajen daƙiƙa biyu biyu, sai benaye masu hawa 6 zuwa 15 suka fi shan wuya, alhali gajerun gidaje da yawa da ke kusa da su suna tsaye.

Gina bene wanda babbar girgiza ba za ta ko tsaga shi ba, kuɗinsa ya fi ƙarfin kowa. Shi ya sa ƙa'idar ta zama haka: ƙaramar girgiza kada ta yi ɓarna, babba kuwa ta yi ɓarnarta, amma kada ginin ya rufta, mutane su fita da ransu. Ɗauki alli da waya ka lanƙwasa ko wanne. Alli ya karye nan take. Waya kuwa ta tanƙwaru, ka mai da ita, ka sake, har ka ji ta yi zafi, gama ƙarfin hannunka ta ke shanyewa. Ginin da ke da halin waya shi a ke nema.

Tun da ya ke ba makawa wani wuri ya ji rauni, injiniya ne zai zaɓi wurin tun a takarda, kamar fis ɗin lantarki da ke ƙonewa don ya ceci sauran kaya. Malamai biyu a Niyu Zilan, Robert Park da Thomas Paulay, su suka daidaita wannan hanya a shekarun 1970. A sa ginshiƙi ya fi bim ƙarfi. In bim ya lanƙwashe, ginin yana nan tsaye. In ginshiƙan hawa guda suka karye, duk abin da ke bisansu ya sauko. Don haka a ke tsoron benen da aka bar hawansa na ƙasa fayau don kantuna ko ajiye motoci, na sama kuwa cike da bangaye.

An kuma koyi darasi a kan mahaɗa. Girgizar Northridge, kusa da Los Anjeles, ran 17 ga Janairu 1994, ta tsattsage walda a inda bim ke haɗuwa da ginshiƙi a gine-ginen ƙarfe da yawa. Ɗaya daga cikin magungunan da aka samo shi ne a ɗan fafe gefen bim nesa kaɗan da mahaɗar, don ya lanƙwashe a nan kafin ƙarfin ya kai ga walda. Bayan shekara guda daidai, girgizar Kobe ta kashe mutum fiye da 6,000, aka kuma ga gine-ginen da aka yi bayan sabuwar dokar Japan ta 1981 sun fi na dā tsira nesa ba kusa ba.

Hanyoyin Tokare Bene

Hanyoyi huɗu aka fi bi, sau da yawa kuma a kan gama biyu ko uku a gini guda. Ta farko, a ƙarfafa mahaɗar bim da ginshiƙi yadda kusurwar ba za ta buɗe ba. Ta biyu, a sa ƙarafan tokari a karkace, kamar katakon da kafinta ke gittawa a bayan ƙyaure don kada ya zube. Ta uku, a gina bangayen kankare masu kauri kewaye da lif da matakala tun daga harsashi har sama, su zama cibiyar ginin. Ta huɗu, a waɗansu hawa a miƙa manyan hannuwan ƙarfe daga cibiya zuwa ginshiƙan waje, kamar tsoho mai dogara sanda biyu. Daɓen ko wane hawa kuwa shi ke tattara turin ya kai wa waɗannan. In cibiya ta koma gefe guda, ginin murɗewa zai yi, shi ya sa a ke son tsari mai daidaito.

Lokacin aiki ma sai an yi hattara. Masu ɗaura ƙarfe su kan riga masu zuba kankare da hawa da dama, kuma kafin kankare ya zo ya bushe, ƙarfen shi kaɗai ke fama da iska. Har wa yau kankare ya kan ɗan tsuke a hankali cikin shekaru, ƙarfe kuwa ba ya yi, sai an lissafa wannan tun farko don kada daɓe ya karkata.

Misali Daga Taiwan

Tsibirin Taiwan yana shan guguwar teku kusan ko wace shekara, yana kuma kan mahaɗar manyan faifayen ƙasa. Nan aka gina Taipei 101, mai hawa 101 da tsawon mita 508. An buɗe shi a 2004, shi ne kuma ya fi ko wane bene tsawo a duniya har aka buɗe Burj Khalifa na Dubai a 2010.

Yana tsaye bisa turaku 380 da aka kafa cikin ƙasa har suka shiga dutse. Ko wace fuska tana da manyan ginshiƙai biyu, takwas ke nan, akwatunan ƙarfe ne waɗanda a ƙasa faɗinsu ya kai mita 3 da mita 2.4, an cika su da kankare mai ƙarfi ƙwarai har hawa na 62. Daga nan zuwa sama ƙarfe ne zalla, don a rage nauyi. A tsakiya akwai cibiya mai ƙarafan tokari, bayan ko wane hawa takwas kuma hannuwa sun haɗa ta da manyan ginshiƙan. An fafe bim ɗin waje yadda muka faɗa. Kusurwoyin ginin an yi musu tsaga kamar matakala bayan gwajin iska, abin da ya rage ƙarfin kifarwa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Can sama, tsakanin hawa na 87 da na 92, an rataye dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660. In bene ya tafi dama, dunƙulen ya yi jinkiri ya ja shi baya, manyan famfuna masu mai da ke ƙarƙashinsa kuma su shanye motsin. Yawancin aikinsa don jin daɗin mutane ne ran iska. Tsayuwar ginin tana ga ƙwarangwal.

An kuwa jarraba shi. Ran 31 ga Maris 2002, ana cikin ginin, girgiza ta kayar da injinan ɗaga kaya biyu daga hawa na 56, mutum 5 suka rasu, amma da aka bincika ƙwarangwal ɗin ba abin da ya same shi. Ran 8 ga Agusta 2015 guguwar Soudelor ta kaɗa dunƙulen har mita guda. Babbar girgizar 3 ga Afrilu 2024 ma ta wuce ta bar shi tsaye.

Mu Fa?

Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ke fama da manyan girgiza, amma ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Maƙwabtanmu na Akra kuwa girgizar 22 ga Yuni 1939 ta kashe musu mutum 17. Iskar farkon damina kuma kowa ya san ta, ga benaye suna ta ƙara tsawo tun daga Cocoa House na Badun, mai hawa 26, wanda aka gama a 1965.

Sai dai abin da ya fi kusa da mu shi ne wannan. Ran 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da a ke ginawa a Ikoyi, cikin Ikko, ya rufta ya kashe mutum fiye da 40, ba guguwa, ba girgizar ƙasa. Duk lissafin da muka zana a sama ya dogara ne ga aikin hannu: waldar ƙusa ta kama, zoben rodi ya cika adadi, siminti ya kai awo, a kuma bar kankare ya nuna. Da zarar an zuba kankare, mai kyau da marar kyau duk sun ɓuya, ba mai sake ganinsu sai ran da iska ko ƙasa ta zo tambaya. Saboda haka dubawa kafin a zuba ta fi kome muhimmanci.

To, 'yan'uwa, in tafiya ta kai ɗayanku Ikko ko Abuja ya ga ana ɗaura ƙarafan wani bene, ya ɗan tsaya ya duba. Ya tambayi kansa, in iska ta bugi wancan bangon na sama, ta wace hanya turin zai bi har ya isa ƙasa? In ya iya bin hanyar da ido, daga bango zuwa daɓe, daga daɓe zuwa cibiya da ginshiƙai, daga nan zuwa harsashi, to, ya fahimci tambayar da injiniya ke farawa da ita kafin ya ɗora alƙalami bisa takarda.